Hawa Bakwai Zuwa Mumbari

Ni na cire matakalar mumbarin cocinmu, ranar Asabar, jajiberin Fentikos, bikin saukar Ruhu Mai Tsarki, don kada matar da nake so, Terka, ta hau. Katakon lafiyarsa ƙalau, ko tsaga babu. Ƙarya na shirga wa Fasto, ya kuma yarda, domin shekara ashirin ina gyara masa rufin coci bai taɓa kama ni da ƙarya ba.

Ku da kuke ta rubuto mini cewa Terka ta cika girman kai, karatu ya hau mata kai, ku saurara yau. In kun gama ku nemi wanda za ku zaga.

Ga wanda yau ya fara leƙowa: sunana Rostás Demeter, Deme ake ce mini. Shekarata arba'in da bakwai. Maƙerin kwano ne ni, rufi da indararo, sana'ar kakana. Mu Rom ne, masu baƙar malafa da gashin baki, waɗanda Hungariyawan ƙauyenmu na Berekfalva ke kira Tsigani. Matata ta rasu shekara tara da suka wuce. Makaranta kuwa aji uku na yi aka ɗora ni kan rufi.

Shekara takwas baya coci ya buɗe wa manyanmu ajin yamma a zauren da ke bayan gidan Fasto Kelemen. Karatu da rubutu, Littafi Mai Tsarki, da yadda ake tafiyar da taro. Na shiga don in iya karanta takardar kwangila da kaina. A can na tarar da Terka, 'yar gidan Burcsa, bazawara, an sako ta saboda ba ta haihu ba. Ni hunturu biyu na yi na ce ya ishe ni, amma ya wadatar har aka zaɓe ni cikin dattawan coci goma sha biyu, Rom na farko tun da aka kafa ginin. Ita ba ta tsaya ba. Ta ci jarrabawar sakandare tana da shekara talatin, coci ya ɗauki nauyinta zuwa birnin Kolozsvár karatun fastoci.

Ni nake kai ta tasha in ɗauko ta. A haka abin ya shige ni. Tana ce mini Dattijo, ina ce mata Malama. In na rubuta mata saƙo sai ta gyara kurakuran ta dawo mini da shi, wai ba ta auren mutumin da ke rubuta sunanta da harafi ɗaya a ɓace. Mun tsayar da maganar aure zuwa lokacin kaka, in ta gama karatu.

To, a cocinmu duk babban biki ana rarraba ɗaliban fastoci zuwa ƙauyuka su yi wa'azi. Shekara uku ana tura Terka wurare masu nisa. Bana ta roƙa a turo ta gida. Kuma ba wa'azi kaɗai ba ne. Fasto Kelemen saura masa shekara biyu ya huta, yana so ta zama mataimakiyarsa, in ya tafi ta gaje shi. Babban faston gunduma da kansa zai zo ya saurare ta.

Ranar da labarin ya iso unguwarmu ta ƙarshen gari, mata suka yi ta guɗa. Maza kuwa suka zauna shawara.

Mace tamu ba ta bi ta saman namiji. Daga ƙugu zuwa ƙasa, duk abin da siket ɗinta ya gifta a kai ya ƙazantu. Matan Hungariyawa ba sa cikin wannan lissafin, tamu ce kawai. Gidana bene ne, amma mace ba ta taɓa taka sama ba, har marigayiya. Namijin da abin ya faɗa wa, a ware masa kofi da cokali, ba ya zama teburin maza a biki ko a makoki. Mumbarinmu kuwa manne yake a bango, ya fi tsayin mutum, hawa bakwai. Bencin dattawa yana ƙarƙashinsa. Kujerata ce ta ƙarshe, daidai inda mai wa'azi ke tsayawa. In Fasto ya yi zafi, yawunsa a wuyana yake sauka.

Ranar Alhamis Inna ta aiko in zo cin rana. Na tarar da ita tana naɗe nama a ganyen kabeji, kallabinta ja ya zamo har goshi, tukunyar tuwon masara tana tafasa. Yaya Máté yana zaune a kan tebur da falmaran ɗinsa mai maɓallan azurfa, wanda ba ya sawa sai in zai yanke hukunci. Ko malafa bai cire ba.

Bai yi kwana-kwana ba. Ya ce maza sun zauna, babu wanda zai shiga coci ranar Lahadi in 'yar Burcsa za ta hau can sama. Na ce wannan ruwansu. Ya ce to ni fa, da zan zauna a ƙarƙashinta kamar kaza a ƙarƙashin kwando?

"Ni dattijon coci ne, Yaya. Wurina ke nan."

"Dattijon Hungariyawa. Sun ba ka benci sun karɓe maka hankali. Bikin 'yata watan Yuli ne, Deme. Ka faɗa mini yanzu, in sa maka kujera kusa da ni, ko in sa a miƙa maka faranti ta bayan katanga?"

Inna ba ta ɗago ba. Ta ce ita ba ta ƙi yarinyar ba, yarinya ce mai hankali, tana gaishe ta har ƙasa. Amma ta binne miji ta binne 'ya'ya biyu, ba ta so abin da ya rage mata a duniya shi ne ta wanke kofin ɗanta daban kamar na mai tarin fuka. Sai ta ɗora mini kabeji huɗu a faranti ta ce in ci. Na ci. Ban san me na ci ba.

Da na fita na zauna a mota na kira Terka. Tana cikin ɗakin kwanansu na makaranta, ina jin 'yan mata na dariya a bayanta. Na yi ta kewaye-kewaye, sannan na ce ko za ta yi wa'azin daga ƙasa, kusa da teburin Jibin Ubangiji, tun da murya ce ake bukata ba tsayi ba. Ta yi dariya, ta ɗauka wasa nake. Da ta ji ban yi ba, ta fita waje, na ji ta rufe ƙofa.

Ta ce tun tana yarinya take share wannan cocin tare da uwarta. Hungariyawa ba sa barin su goge matakalar mumbari, matar mai kaɗa ƙararrawa ce ke yi. Yau su da kansu sun ce ta hau. In ta tsaya a ƙasa, ba za su sake cewa ba.

"Shekara takwas nake hawa wannan matakalar, Deme, saura taku bakwai. Ban ce ka kawo mini Máté ba. Su zauna a gida, Allah ya ba su lafiya. Kai ɗaya nake tambaya. Za ka zauna a wurinka?"

Na ce zan zauna.

Ba ƙarya na yi niyya ba a lokacin, ku yarda ko kada ku yarda. Amma ni mutumin gyara ne. In ruwa na zuba ta nan, in karkatar da shi ta can, kowa ya kwana a bushe. Kwana biyu ina juya abin a kaina, har na ga wata hanya da na ɗauka ta fi kowa wayo: in babu matakala, babu mai laifi. Terka ba ta sauka da kanta ba, ni ban karya alkawari ba, maza su shigo su ji ta, Inna ta huta. Har murmushi na yi a kan tsani.

Asabar da azahar na shiga coci. Mata suna ta kafa rassan itace masu ɗanyen ganye a bakin kowane benci, ƙamshi ya cika ko'ina. A aljihun falmarana akwai garin katako da na kankaro daga wani tsohon azara a shagona, wanda ƙwaro ya cinye. Na durƙusa a ƙarƙashin matakalar kamar mai dubawa, na zuba shi a gindin hawa na huɗu, na kira Fasto.

Tsoho ne, idonsa ya yi rauni. Ya murza garin a yatsa, fuskarsa ta canja. Ya ce jiya ma ya hau bai ji komai ba. Na ce haka ƙwaron yake, ta ciki yake ci, ranar da zai ba da kai ba ya sallama. Gobe mace za ta hau da doguwar alkyabba, ga baƙi. Ya tambaya ko za a iya tokare ta zuwa Litinin. Na ce ni dai ba zan sa hannuna a abin da zai karya ƙafar mutum ba. Ya dafa kafaɗata ya ce Allah ne ya turo ni.

Ƙusoshi shida ne masu murɗi. Minti ashirin ban kai ba. Na ɗora ta a mota na kai shago na jingina da bango a ƙarƙashin rumfa.

Da la'asar saƙonta ya shigo, tana cikin jirgin ƙasa. "Fasto ya faɗa mini. Na yi kuka kaɗan a bayin jirgi, na wanke fuska. Amma da na faɗo a gaban kowa fa? Na gode da ka duba, Dattijo. Wani bikin na hau." Na karanta sau uku, a hankali yadda na saba. Na rubuta mata "ba komai", na aika.

Ranar Lahadi cocin bai taɓa cika haka ba. Labari ya zaga cewa a ƙasa za ta tsaya, sai ga mazanmu kusan arba'in sun jeru a bencin baya, malafa a gwiwa, takalma na ƙyalli. Máté a gaba. Ta shigo bayan Fasto da baƙar alkyabbar wa'azi a kafaɗa, a ƙarƙashi kuma siket ɗinta na gida, mai ninki ɗari, ja da furanni rawaya, har idon sawu. An ba ta shawara ta sa baƙaƙen kaya irin na matan Hungariyawa, ta ƙi. Kitsonta biyu da jan ƙyalle a ƙarƙashin kallabi. Uwarta tana bencin mata tana toshe baki da gefen gyale.

Terka ba ta da tsawo. Da ta tsaya kusa da tebur, na baya ba sa ganin komai sai saman kallabinta. Ta fara a hankali. Sau ɗaya ta ɗaga ido ta kalli mumbarin, yana rataye a bango ba hanya, sannan ta kalle ni, na gyaɗa mata kai kamar mutumin kirki. Daga nan ta kama. Ta yi magana kan ranar da Ruhu ya sauka, kowa ya ji bishara da harshen uwarsa. A tsakiya ta juya ta yi jimla uku da harshenmu, wanda bangon nan bai taɓa ji ba sai in ana zagi a waje. Na waiga na ga Máté yana share gashin baki da bayan hannu, alhali ba abin da ya zuba a kai.

A bakin ƙofa ya matse hannuna ya raɗa mini cewa ashe ƙwaron katako ma yana da hankali. Ya kashe mini ido. Raina ya yi fari. Na ɗauka na gama da kowa lafiya.

Bayan cin rana a gidan Fasto, babban baƙon, faston gunduma, ya ce tun da dattawa duk suna nan, a zauna a yi maganar Terka. Ita tana kicin da matar Fasto. Baba Domokos ne ya fara, shugaban dattawa, mai shekara saba'in da huɗu, wanda gonarsa ke iyaka da unguwarmu. Ba mugu ba ne, shi ya kawo sunana lokacin zaɓe. Ya yabi wa'azin sosai. Sannan ya ce shi ya san Tsigani tun yana rarrafe, ya san abin da ya cika bencin baya yau. Don ta tsaya a ƙasa ne. Coci bai kamata ya taka al'adar mutane ba. Shawararsa, a rubuta cewa a Berekfalva macen Rom daga ƙasa za ta riƙa magana, don girmama 'yan'uwanta. Amma fa faston gari dole ya hau mumbari, haka aka gada. Saboda haka a ba ta kula da iyalan ƙarshen gari, ajin yamma da ziyarar marasa lafiya, maganar gadon Fasto kuma a nemi wani.

Fasto Kelemen ya ce matakala ce kawai ta lalace, kada a gina doka a kan ƙwaro. Babban baƙon ya juyo gare ni.

"Ɗan'uwa Demeter, don irin wannan ranar aka zaɓe ka. Kai ne bakin mutanenka a nan. Da ta hau mumbari, da mazan nan sun shigo?"

Mutum goma sha uku suna kallona. Garin katakon da ya rage yana nan a aljihuna, ina jin sa da yatsa. Kalma biyar ce za ta gyara komai: ni na cire ta, lafiyayya. Na ce, "Da ba su shigo ba."

Aka ɗaga hannu. Tara suka bi Domokos. Ni na bar nawa a ƙarƙashin tebur, ban goyi baya ba, ban ƙi ba. Aka rubuta.

Litinin da rana ina shago ina lanƙwasa indararo, sai ga ta ta shigo. Ba alkyabba, siket kore, idonta a kumbure. Fasto ya faɗa mata hukuncin. Ba faɗa ta zo yi ba, kuka ta zo yi a wurina, har ta fara cewa ba laifina ba ne, gaskiya aka tambaye ni na faɗa. Sai idonta ya sauka kan matakalar a ƙarƙashin rumfa.

'Yar maƙera ce ita ma. Ta ɗauki tsinken ƙarfe a kan tebur ta je ta caki hawa na huɗu. Bai shiga ba. Ta caki na uku, na biyar, ta leƙa ƙasa, ta ƙwanƙwasa da ƙulli. Ta ajiye tsinken a inda ta ɗauke shi. Ta tattara siket da hannu ɗaya ta fara hawa, kowane taki sai ta tsaya ta danna da dukan nauyinta. Ko ƙara katakon bai yi ba. Ta kai na bakwai ta tsaya, kanta na taɓa kwanon rumfa, gabanta bango.

Na matso don kada matakalar ta zame, na riƙe ta da hannu biyu. Gefen siket ɗinta yana shafar malafata.

A daidai nan Máté ya shigo ƙofar gida da surukinsa, sun zo ɗaukar kwanon rufin rumfar biki. Suka tsaya cak. Máté ya ce a hankali, "Matsa daga nan, Deme." Ya sake faɗa. Ban matsa ba. Na cire malafar na ajiye a ƙasa, na ɗaga kai na ce mata ni ne, ni na yi, ga ni kuma a ƙarƙashinta kowa ya gani.

Ta dube ni daga sama. Ba ta ɗaga murya ba.

"Yau Litinin, Deme. Zaman jiya na roƙe ka."

Ta sauko, ta bi ta gefen Máté, ta gaishe shi da ladabi, ta fita.

Talata na mayar da matakalar na faɗa wa Fasto komai. Ya karɓi mabuɗin coci daga hannuna. A zaman dattawa na gaba na tashi na maimaita a gaban kowa, na roƙa a soke abin da aka rubuta. Baba Domokos ya ce abin da na yi abin kunya ne, amma hukuncin ba a kan katako aka yi shi ba, a kan amsata aka yi. Ya tambaye ni ko amsar ƙarya ce. Na ce a'a. Ya ce to.

A gida kuwa surukin Máté bai kai yamma ba sai da kowa ya ji. Inna ta ɗaura jan zare a hannun wani kofi ta ajiye shi a kan taga, nesa da sauran. Tana zuba mini kofi a ciki tana kuka, amma tana zubawa. Bikin Yuli a cikin motata na ci nawa.

Wannan duk nawa ne, na saya da hannuna. Nata ne ban san yadda zan ɗauka ba. Ta ƙi aikin ƙarshen gari. Da ta gama karatu ta ce a tura ta duk inda ba a rubuta komai a kanta ba. Aka tura ta wani ƙauye a cikin duwatsu, tafiyar awa biyar, inda matasa duk sun gudu birni, coci ya rage tsofaffi goma sha huɗu. Babu Rom ko ɗaya a wurin. Uwarta ba ta iya doguwar tafiya, har yau ba ta ga 'yarta a kan mumbari ba.

Lahadin da ta wuce na je. Na sa falmaran, na yi aski, na shiga na wuce har gaba na zauna daidai ƙarƙashin mumbarin. Tsofaffin suna ta kallon gashin bakina. Ta hau, ta buɗe littafi, ta gan ni. Ba ta yi tuntuɓe ko a kalma ɗaya ba. Wa'azin ya fi na garinmu kyau, ga tsofaffi uku suna gyangyaɗi, ɗaya kurma ce. Na zauna a ƙarƙashinta awa guda, kuma na san zaman bai ci mini komai ba, babu wanda ya san ni a can balle ya kai labari. Ita ma ta san haka.

Da aka tashi ta tsaya a bakin ƙofa tana sallamar mutane ɗaya bayan ɗaya, tana tambayar wannan ƙafarsa, waccan jikarta. Na tsaya a ƙarshen layi da maganar da na yi awa biyar ina haddacewa a hanya. Da aka zo kaina ta miƙo hannu, kamar yadda ta miƙa wa sauran goma sha huɗun, ta yi mini magana da harshen Hungariyawa.

"Mun gode da ziyara, ɗan'uwa. Allah ya kai ka gida lafiya."

Ta juya ta kulle cocinta.